Darasi Kan Zama a Mota: Bel, Juna Biyu da Yaro a Cinya



'Yar uwa mai karatu, darasinmu na wannan fitowa ya ɗan fita daga abin da muka saba, amma ki daure ki bi ni. Kullum da yamma idan an tashi daga Islamiyya nakan tsaya a bakin ƙofa har yara su watse, kuma ga abin da nake gani: mota ta zo ɗaukar yara, uwa tana gaba da jariri a cinya, yara huɗu ko biyar a baya, ɗaya a tsaye tsakanin kujerun gaba yana ba da labarin hadda. Wani lokaci ma uban ne zai ɗora autan a cinyarsa, yaro na riƙe da sitiyari ana ta dariya. Ni ma haka na yi da 'yata ta fari, ba zan ɓoye miki ba. Sai daga baya na zauna na karanta abin da injiniyoyin mota suka gano a binciken da suka shafe sama da shekara 70 suna yi, jikina ya yi sanyi.

Mu fara da tushe. Idan mota tana gudun kilomita 50 a awa, wato gudun cikin gari, ke ma da kike zaune a ciki gudun da kike yi ke nan. Idan ta daki wani abu ta tsaya, ita ce ta tsaya, ke ba ki tsaya ba. Jikinki zai ci gaba da tafiya da wannan gudun har sai wani abu ya tare shi: gilashin gaba, ko sitiyari, ko bayan kujera, ko kwalta. Ƙarfin wannan bugun daidai yake da mutum ya faɗo daga tsayin mita 10, kamar daga saman bene mai hawa uku. Kuma duk abin yana faruwa ne cikin kusan kashi ɗaya cikin goma na sakan, kafin ki ƙifta ido. Shi ya sa masana ke cewa a haɗari ɗaya karo uku ake yi. Mota ta kara da abin da ta daka, jiki ya kara da cikin mota, sannan ƙwaƙwalwa da hanta da sauran kayan ciki su kara da ƙashin da ya kewaye su. Na ukun nan shi ne wanda za ki ji an ce "ko ƙwarzane bai yi ba", amma kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara nuna iya abin da jikin ɗan Adam zai jure wani likitan sojan sama ne na Amurka, John Paul Stapp. Shi da kansa ya shiga gwajin. Ranar 10 ga Disamba 1954, a jihar Niyu Meksiko, aka ɗaure shi tamau a wata kujera mai tafiya kan layin dogo da ƙarfin roka. Ta yi gudun sama da kilomita 1,000 a awa, sannan aka tsayar da ita cikin sakan 1.4. Jikinsa ya ɗauki nauyi fiye da ninki 46 na nauyinsa, idanunsa suka cika da jini har ya daina gani na ɗan lokaci, amma ya rayu, bai mutu ba sai 1999. Abin da aka koya daga gare shi shi ne jiki yana jure tsayuwa mai tsanani matuƙar an ɗaure shi da kyau, an raba nauyin a kan ƙasusuwa masu ƙarfi, kuma an ɗan ja lokacin tsayuwar. Kusan duk abin da aka ƙirƙira a mota don kare fasinja a kan wannan ya ginu.

Ɗauki jikin motar kansa. Kin sha jin maza na cewa motocin yanzu gwangwani ne, ana taɓa su sun lotse, ba kamar Fijo ta da ba. To lotsewar nan da gangan ce. Wani injiniyan kamfanin Mercedes a Jamus, Béla Barényi, shi ya samu rajistar wannan dabara a 1952, aka fara sa ta a motocin kasuwa a 1959: gaba da baya su zama masu naɗewa, tsakiya inda mutane ke zaune ya zama mai tauri. Yayin da gaban ke naɗewa yana shanye ƙarfin bugun. Kamar ki jefa ƙwai a kan katifa ne maimakon siminti. Sai dai fa wannan gata na wanda yake ɗaure da motar ne kawai. Wanda bai sa bel ba, mota za ta gama lotsewarta ta tsaya, sannan shi ya iso da cikakken gudunsa.

Bel ɗin da muka sani, mai ratsa ƙirji da ƙugu, Nils Bohlin ne na kamfanin Volvo a Suwidin ya fito da shi a 1959. Kafin nan aikinsa ƙera kujerun da ke cilla matuƙin jirgin yaƙi waje idan jirgi zai faɗi. Ya lura cewa bel na da, mai ratsa ciki kawai, yana iya fasa kayan ciki, ga shi mutane ba sa son abin da zai takura musu. Sai ya tsara wanda za a ɗaura da hannu ɗaya, ya kwanta a kan ƙashin ƙugu da ƙirji. Kamfanin ya bar sauran kamfanoni su kwaikwaya kyauta. A 1967 Bohlin ya fitar da nazarin haɗurra 28,000, inda ya nuna cewa cikin masu bel babu wanda ya mutu a haɗarin da gudunsa bai kai kusan kilomita 96 a awa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bel yana rage haɗarin mutuwa har zuwa rabi. Mu a nan Nijeriya sai ranar 1 ga Janairu 2003 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta shi, kuma kin san yadda direbobinmu suka karɓi abin: a rataya shi a kafaɗa idan an hango jami'ai, a sake shi da an wuce.

Na san abin da wata za ta ce: "Ai Malama, abin da Allah ya ƙaddara ba makawa." Gaskiya ne. Amma wadda ta faɗi haka tana kulle ƙofarta da dare, tana kai ɗanta asibiti idan ya yi zazzaɓi. Riƙo da sababi ba ya warware tawakkali, mun sha karanta wannan a aji.

Wata kuma za ta ce ita a baya take zama. Wani bincike da aka yi a Japan aka buga a 2002 ya nuna cewa idan na baya bai ɗaura bel ba, haɗarin mutuwar na gabansa mai bel yana ninkuwa kusan sau biyar, domin na bayan ne zai taso da dukkan nauyinsa ya danne shi. Wato rashin bel ɗinki ba ke kaɗai ya shafa ba.

Yanzu ga inda ya shafe mu mata musamman. Ana gwada mota ne ta hanyar zaunar da mutum-mutumi mai cike da na'urorin awo a cikinta, a buga ta da bango, a duba inda ya ji ciwo. Wanda ya fi shahara, Hybrid III, kamfanin General Motors ya fito da shi a 1976, kuma siffar matsakaicin namiji ce: tsayi santimita 175, nauyi kilo 78. Na macen da aka yi daga baya namijin ne aka ƙanƙance, kilo 49, tsayi kusan mita ɗaya da rabi, kamar yarinya 'yar shekara 12. Alhali ƙugun mace da wuyanta da yadda nama ya zauna a jikinta duk daban suke. A 2019 masu bincike a Jami'ar Bajiniya ta Amurka suka gano cewa a karon gaba da gaba, yiwuwar mace mai bel ta ji mummunan rauni ta ɗara ta namiji da kashi 73 cikin ɗari. Don adalci, wani binciken na 2021 ya nuna wani ɓangare na wannan bambanci ya samo asali ne daga cewa mata sun fi tuƙa ƙananan motoci, amma duk da haka raunin ƙafa ya fi yawa a wurinsu. Sai a 2022 wata injiniya a Suwidin, Astrid Linder, da abokan aikinta suka nuna mutum-mutumin da aka ƙera kan siffar matsakaiciyar mace, santimita 162, kilo 62. Ki duba fa, shekara 46 tsakani.

Tunda ba da awonki aka yanka kujerar ba, ke za ki daidaita ta. Bel na ƙasa ya sauka kan ƙashin ƙugu yana taɓa saman cinya, kada ya hau ciki. Na sama ya bi tsakiyar kafaɗa ya ratsa tsakiyar ƙirji. Idan yana gogar wuyanki, kada ki tura shi ƙarƙashin hammata ko bayanki kamar yadda da yawa muke yi; duba jikin ginshiƙin da ke gefen ƙofa, yawancin motoci suna da wurin saukar da shi. Idan hijabinki babba ne, gyara shi kada ya dunƙule a ƙarƙashin bel, sannan ki ja bel ɗin ya kama jiki, domin sakwarkwatacce yana barin jiki ya yi gaba kafin ya riƙe. Abin nan da ke saman kujera, wanda muke ɗauka matashin hutawa ne, aikinsa tare kai idan an daki mota ta baya. Samansa ya yi daidai da saman kanki, ya kusanci ƙeya. Mata sun fi maza samun ciwon wuya a irin wannan haɗari. Kada kuma ki kwantar da kujera sosai don jin daɗi a doguwar tafiya, domin jiki yana iya zamewa ta ƙarƙashin bel. Idan ke ke tuƙi, ki bar santimita 25, wato taƙi ɗaya da ɗan ɗori, tsakanin ƙirjinki da sitiyari, saboda jakar iskar da ke ciki tana fitowa ne da gudun da zai iya kai kilomita 300 a awa.

Mai juna biyu ita ta fi gudun bel, wai kada ya matse yaro. Abin da ya fi kashe ɗan tayi a haɗarin mota shi ne mutuwar uwa, ko rabuwar mabiyiya daga jikin mahaifa saboda bugu. Don haka ta ɗaura, amma na ƙasa ya bi ta ƙarƙashin cikin gaba ɗaya, na sama ya ratsa tsakanin nonuwa ya sauka ta gefen ciki. Idan an yi haɗari, komai ƙanƙantarsa, ta je a duba ta ko da ba ta jin komai.

Sai mu koma kan yaron da ke cinya. Ki ɗauka nauyinsa kilo 10 ne. A karo mai gudun kilomita 50, ƙarfin da zai fizge shi daga hannunki yana iya kai ninki 30 na nauyinsa, kilo 300 ke nan, buhun shinkafa shida. Wace uwa ce za ta riƙe buhu shida da aka fizga cikin ƙiftawar ido? Idan kuma ke ba ki da bel, ke ce za ki danne shi da gaban mota. Idan kuka shiga bel ɗaya ke da shi, nauyinki zai matse shi a jikin bel ɗin. Babu ta inda cinya ta tsira.

Jariri kuma ba ƙaramin babba ba ne. Kansa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na nauyin jikinsa, alhali na babba kusan kashi 6 cikin ɗari ne, ga wuyan bai yi ƙwari ba. Wani likita a Suwidin, Bertil Aldman, ya ga yadda 'yan sama jannati ke kwanciya da baya a lokacin tashin kumbo domin dukkan bayansu ya ɗauki nauyin. A 1964 ya ƙera kujerar yara mai kallon baya, ta yadda idan an yi karo, kai da wuya da baya za su nutse cikin kujerar tare. A Suwidin yara kan zauna haka har wajen shekara 4. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kujerar yara tana iya rage mutuwar jarirai da kashi 71 cikin ɗari. Sharaɗi ɗaya mai girma: kada a taɓa sa irin wannan kujera a gaba inda akwai jakar iska mai aiki. Yaron da ya girme ta amma bai kai santimita 135 ba yana bukatar 'yar kujerar ɗagawa, don bel ya sauka a kafaɗarsa maimakon wuyansa. Duk ɗan ƙasa da shekara 12 wurinsa baya.

Na san halin da ake ciki. Kujerar yara tana da tsada, kuma yawancinmu motar haya muke shiga, inda ake cusa mutum biyu a gaba, huɗu a baya, bel ɗin ma in akwai ya yi baƙi da ƙura har kina tsoron ya ɓata miki kaya. A nan sai a yi abin da ya sawwaƙa. Mai jariri kada ta karɓi kujerar gaba ko da 'yan kamasho sun ce girmamawa ce. Idan akwai bel a baya, ɗaura wa kanki ke kaɗai, yaron yana wajen bel ɗin. Wannan bai kai kujerar yara ba ko kusa, amma aƙalla ba ke za ki faɗa kansa ba. Wadda kuma maigidanta ke da mota, kuɗin kujerar nan bai kai abin da muke kashewa a ankon suna ba, kuma kujera ɗaya tana yi wa yaro da ƙaninsa in ba ta taɓa shiga haɗari ba.

Ga aikin gida, tunda darasi ne. Gobe kafin a fita, ki buɗe ƙofar baya ki sa hannu a tsagar kujera. Sau da yawa maƙalan bel suna can a cushe tun ranar da aka sayo motar. Zaro su, ki ja kowane bel a hankali ki ga ko ya tsage ko ya murɗe, sannan ki fizge shi da ƙarfi. Idan ya cije, yana aiki. Idan ya biyo hannunki, a kai wa bakanike.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.