Jinginar Miji da Mata Bayan Mutuwar Aure: Darasi ga Iyayen Ƙasa da Magatakarda

A ƙasar Tambuwal da ta Kebbe, miji da mata su kan haɗa gonakinsu na fadama, ko gidan da suka gina tare, su jinginar don su sami kuɗin taki ko na injin ban-ruwa. Idan auren ya mutu ba a gama biya ba, sai maganar ta zo ƙofar uban ƙasa. Sau da yawa matar ce ke hasara, domin ta koma gidan iyayenta, ba ta kuwa riƙe da takarda. To, abin da za a fara kiyayewa shi ne, saki aure ya ke warwarewa, bashi yana nan inda ya ke.

1. Abin da shari'a ta tanada

Aure ba ya gama dukiyar mace da ta mijinta. Gonar da ta gada ko ta saya tata ce, kafin saki da bayansa. A mazhabar Malikiyya, mai bin bashi ba ya mallake abin jingina don kawai lokaci ya wuce. Sai dai a sayar, ya ɗauki haƙƙinsa, saura ya koma ga masu shi. Haka nan idan mutum ɗaya ya jinginar, gonar duka tana tsare har ya biya kobon ƙarshe. Amma idan su biyu ne, kowa da rabonsa, wanda ya biya nasa ya fanshi rabonsa.

Misali: miji da mata a Sanyinna sun karɓi naira 600,000, rabi da rabi. Sun biya 200,000 tare, sa'an nan suka rabu. Matar ta kawo 200,000. Rabonta ya fita, na mijin yana nan tsare.

Sai dai a lura. Takardun banki su kan sa kowannensu ya lamunce wa ɗan'uwansa. In haka ne, ana iya bin matar kuɗin duka, ko da ta biya nata.

2. Abin da dokar ƙasa ta ce

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, sashe na 21, ta hana jinginar da filin gargajiya sai da yardar ƙaramar hukuma. Sashe na 22 kuwa ya ce wanda ke da takardar Gwamna sai da yardar Gwamna. Haka kuma in ɗaya zai sayar wa ɗaya rabonsa.

3. Aikin magatakarda

Lalle ne ya nemi takardar jingina tun da fari, a karanta ta gaban kowa. Ya rubuta sunan mai kowane rabo, da iyakoki, da kuɗin da aka karɓa, da wanda aka biya, da hannun da ya biya, da shaidu. A ji maganar matar daga bakinta ko daga wakilin da ita ta zaɓa. Kowa a ba shi kwafi.

4. Aikin uban ƙasa

Ya kira su tare da mai bin bashi, domin sulhun da aka yi ba da shi ba bai ɗaure shi ba. Hanyoyi uku ne: ɗaya ya biya ɗaya rabonsa ya ɗauki sauran bashin da yardar mai kuɗi, ko su ci gaba da biya kowa nasa a kaka, ko a sayar a biya a raba saura. In gida ne, kada a tayar da mace tana cikin idda. Idan sulhu ya ƙi, uban ƙasa ba ya yanke hukunci. Ya tura su gaban alƙali da takardun duka.

Tambayoyi

(a) Wata mata a Kuchi ta biya rabonta, banki bai saki gonarta ba. Me za ka fara dubawa?
(b) Don me a ke kiran mai bin bashi wurin sulhu?