Yadda ake aiki da ruwan shafen nikel ba tare da an cutu ba

Ƙyallin da kake gani a kan famfo, mabuɗin ƙofa, ko salansar babur yawanci shafe ne. A ƙarƙashin wannan ƙyalli akwai siririn nikel da aka ɗora wa ƙarfen da wutar lantarki, a cikin tanki mai koren ruwa. Haɗin da aka fi amfani da shi a masana'antu shi ne wanda Oliver Watts ya fito da shi a Amurka a 1916. A kowace lita akwai nikel salfet giram 240 zuwa 300, da nikel kuloraid giram 30 zuwa 90, da borik asid giram 30 zuwa 45, kuma ana aiki da shi da ɗumi, tsakanin digiri 40 zuwa 65.

Matsalar wannan ruwa ita ce ba ya gargaɗi. Asid mai ƙarfi in ya taɓa ka, nan take za ka janye hannu. Ruwan nikel kuwa sai ya zuba maka ka goge a wando ka ci gaba da aiki. Ɓarnar a hankali take zuwa. Da farko ƙaiƙayi ne da ja a tsakanin yatsu da wuyan hannu, sai ƙuraje masu ruwa, sai fata ta tsage. In jiki ya riga ya ƙi nikel, har abada ya ƙi shi, ko maɓallin wando ko bayan agogo sai ya tayar da ciwon. Shaƙar feshin ruwan na jawo asma da gyambon hanci, kuma tun 1990 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya sinadaran nikel a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa daji, musamman na huhu da na hanci. Saboda haka duk matakan da ke tafe manufarsu ɗaya: ruwan ya zauna a tankinsa, kada ya hau fata, kada ya tashi a iska, kada ya shiga baki, kada ya bi kwata.

Mataki na 1: San abin da ke cikin kowane tanki

Kafin ka taɓa komai, bi layin tankunan ɗaya bayan ɗaya. Shafen nikel ba tanki ɗaya ba ne. Akwai na wanke maiƙo, mai soda mai cin fata. Akwai na asid da ke cire tsatsa. Akwai tankunan ɗauraya a tsakani. In ana shafe ƙarfen da ba ya tsatsa, akwai wani tankin share fage mai nikel kuloraid da asid mai yawa, wanda ya fi na Watts zafin ci. A rubuta sunan kowane tanki da haɗarinsa da manyan baƙaƙe, da harshen da ma'aikata ke karantawa, a ƙara da alama ta hoto domin wanda bai yi boko ba. Ka nemi takardar bayanin haɗari daga wanda ya sayar da sinadarin, haƙƙinka ne, a ajiye ta inda kowa zai gani.

Abu guda ya fi komai gaggawa a nan. Wasu masana'antu kan fara shafa jan ƙarfe da ruwan sayanaid kafin nikel. Ruwan nikel mai tsami ne, ma'aunin pH ɗinsa tsakanin 3.5 da 4.5. In ya haɗu da sayanaid, iska mai kisa cikin mintoci ke tashi. Don haka kada su haɗa magudana, kada su haɗa bokiti, kada su haɗa ɗakin ajiya, kuma a ɗauraye kaya sosai tsakanin tankunan biyu.

Mataki na 2: Gyara wurin kafin a kunna wuta

Iska ce farko. A sa na'urar zuƙo tururi a bakin tankin, ta ja feshi gefe ta fitar waje kafin ya iso hancin mai aiki. Fankar sama ba ta wadatar, watsa feshin kawai take yi. Masana'antu da yawa na motsa ruwan ta hanyar hura iska daga ƙasan tanki, kuma kumfar da ke fashewa a sama ita ce babbar hanyar da nikel ke shiga iska. Inda hali ya yi, a koma motsa ruwan da famfo. Ana kuma samun iskar haidirojin kaɗan a jikin kayan da ake shafewa, don haka ba sigari, ba walda, ba tartsatsi a kusa.

A kewaye tankuna da ɗan katangar siminti mai rufin da asid ba ya ci, yadda in tanki ya fashe ruwan zai tsaya a ciki. A kafa famfon wanke ido da na watsa ruwa a jiki a inda mutum zai kai cikin 'yan daƙiƙoƙi ko idonsa a rufe, a riƙa gwada su kowane mako. Hitar da ke cikin tanki kuma ta kasance mai kashe kanta in ruwa ya yi ƙasa. Tankunan roba ne, kuma hitar da ta bushe tana cikin manyan sanadin gobara a wannan sana'a.

Mataki na 3: Sa kayan kariya yadda ya kamata

Safar hannu ta roba mai kauri, irin nitiril ko PVC, doguwa har gwiwar hannu. Ta auduga ko ta fata ta fi rashinta muni, domin tana shan ruwan ta riƙe shi a jikin fata yini guda. Kafin ka sa, hura mata iska ka matse, in ta sace to ta huje, a yar. Sai tabarau mai rufe gefe, da rigar roba ta gaba, da takalmin ruwa. Ƙafar wando ta sauko a kan takalmin, kada a cusa ta ciki, don abin da ya zubo ya gangara ƙasa.

A watannin zafi, lokacin da zufa ke taruwa a cikin safa, nan ne mutane ke cire ta su ce minti ɗaya ne kawai. Zufa na tausasa fata, nikel ya fi samun shiga. Maganin shi ne safa biyu ko uku ana canzawa, da hutu a inuwa. Wajen cirewa, ɗauraye bayanta tukuna, sannan ka zare ba tare da yatsa ya taɓa wajen ba.

Mataki na 4: Haɗa ruwan da ƙara masa sinadari

Lokacin awo da zuba garin sinadari ya fi kowane lokaci haɗari ga huhu. Sa takunkumin da aka yi domin ƙura mai guba, wanda ke kama fuska ba gibi. Na asibiti ko rawani a hanci ba su hana komai. Yanka buhu a hankali, kusa da bakin ruwa, kada ka zazzage daga sama, kada ka kakkaɓe shi in ya ƙare. Borik asid ma ba abin rainawa ba ne: a Turai an lasafta shi cikin abubuwan da ke iya cutar da haihuwa da ɗan tayi, don haka mai juna biyu ta nisanci wannan aiki.

Tsamin tankin kan ragu yayin aiki, sai a ƙara salfiyurik asid da aka sirka. Ƙa'idar ba ta canzawa: asid ake zubawa cikin ruwa, kaɗan-kaɗan ana motsawa. In aka zuba ruwa cikin asid, tafasa yake ya fantsamo fuska. Kada a taɓa zuƙo ruwan tanki da tiyo a baki yadda ake zuƙo fetur. A yi amfani da famfon hannu.

Mataki na 5: Lokacin shafe

Rataya kaya a maƙala, ka saukar a hankali. In wani abu ya faɗa tanki, kashe wuta ka ciro shi da ƙugiya ko maganaɗisu, ba da hannu ba ko da safa. In ka ɗago kaya, bar su su tsane a saman tankin kafin ka wuce. Wannan ɗan haƙuri na rage ɗigar da ke ɓata ƙasa, yana kuma rage asarar nikel mai tsada. Duba bakin tanki da sandunan jan ƙarfe: koren abin da ke bushewa a kansu gishirin nikel ne. Goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Kada a kankare shi a bushe, kada a share da tsintsiya, kada a hure da iska.

Mataki na 6: Raba wurin aiki da wurin ci

Ba ci, ba sha, ba goro a ɗakin tankuna. Buta da ruwan alwala su zauna a waje, a wanke hannu da sabulu kafin a fara. Bututun ruwan sha kada ya haɗu da na tankuna, kuma tiyon cika tanki kada ya nutse cikin ruwan, don in ruwa ya ɗauke yana iya zuƙo na tankin ya koma baya. Wani rahoton likitoci da aka buga a Amurka a 1988 ya kawo labarin ma'aikata 32 da suka sha ruwan famfon da ruwan nikel ya gurɓata a wata masana'antar shafe. 20 daga cikinsu sun kamu da amai, gudawa, jiri da ciwon kai, aka kwantar da 10 a asibiti.

Kayan aiki su kwana a wurin aiki, a wanke su a can. In ka kai su gida, mai wanki da yaran da ke rungumar ka su ma sun shiga sana'ar ba da saninsu ba. Jarka ko duron da sinadari ya ƙare a ciki a huda shi. Kada a ba kowa ya kai gida ya tara ruwa.

Mataki na 7: In tsautsayi ya faru

Ruwan ya shiga ido: a buɗe idon a ƙarƙashin ruwa mai gudu na aƙalla minti 15, sannan asibiti. Ya zuba a jiki: a tuɓe rigar, a wanke da ruwa mai yawa da sabulu. An haɗiye: a kurkure baki, kada a sa mutum amai, kada a tsaya ba shi manja ko madara, a tafi asibiti da takardar sinadarin a hannu. Ya zube a ƙasa: a tare da yashi, a kwashe a zuba a duro mai murfi da alama.

Shugaban aiki ya riƙa duba hannun ma'aikata a kai a kai. Ƙaiƙayin da ke lafawa ranar hutu ya dawo ranar aiki, ko tarin da ke yin haka, alama ce da ba a jira da ita. Ana iya auna nikel a fitsari don a gane ko kariyar wurin na aiki.

Mataki na 8: Ruwan da aka gama da shi

Ruwan ɗauraya ma guba ne. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa nikel a ruwan sha miligiram 0.07 ne a lita, alhali lita ɗaya ta tankin shafe na ɗauke da gomman giram. Nikel ba ya ruɓewa. In ya bi kwata ya shiga rafi, yana zama a laka da ƙasar da masu lambu ke ban ruwa. A tara ruwan a tanki na daban, a zuba laim ko soda har pH ya kai 10 zuwa 11, nikel zai kwanta a ƙasa ya zama koriyar laka. A tace, a auna ruwan saman, a daidaita shi kafin a sake. Lakar kuma a miƙa wa masu lasisin kwashe shara mai guba ko masu sake tace ƙarfe. A Najeriya, hukumar NESREA da aka kafa a 2007 ce ke sa ido kan irin wannan.

Kai mai masana'anta, kuɗin safa da na'urar zuƙo tururi bai kai kuɗin rasa ƙwararren ma'aikacin da hannunsa ya lalace ba. Kai kuma ma'aikaci, in ka ga ja a tsakanin yatsunka, faɗa wa shugabanka a ranar, ka je asibiti tun ciwon bai zauna ba.