Darasi: Zinariya a Cikin Tsinken Gwaji

Idan hunturu ya kama a Keffi, ƙura takan lulluɓe gari, tari da mura su yawaita. Wataƙila kun taɓa raka wani mai zazzaɓi asibiti daga Tudun Ƙofa, kuka ga an ɗiga jininsa a kan wani ɗan farin tsinke don gwajin cutar cizon sauro. Bayan mintoci kaɗan sai jan layi ya bayyana. Ko kun san abin da ya ba layin nan launi? A yawancin irin waɗannan tsinkaye, zinariya ce.

Za ku ce ai zinariya rawaya ce. Gaskiya ne, amma idan aka mayar da ita ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, sai ta koma ja. Ana auna irin waɗannan ƙwayoyi da nanomita, wato kashi ɗaya idan aka raba mita gida biliyan ɗaya. Kaurin silin gashi ya kai nanomita 80,000, ƙwayar cutar korona kuwa kusan 100 ce kawai. Ilimin sarrafa abubuwa masu wannan ƙanƙanta shi ake kira fasahar nano.

Korona cuta ce ta numfashi. Ta ɓulla a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, a Legas. Daga baya aka ƙera mata tsinken gwaji irin na cizon sauro, sai dai majina ake ɗauka daga hanci maimakon jini. An manna wa ƙwayoyin zinariyar wani sinadari mai gane ƙwayar cutar. Idan tana cikin majinar, sai su kama ta, ruwa ya kwashe su tare har su taru wuri guda, layi ya fito cikin kamar minti 15. Gwajin ɗakin bincike ya fi shi tabbaci, amma a ganina saurinsa babbar riba ce, domin mai cutar zai san ya killace kansa kafin ya shafa wa tsofaffin gidansu.

A rigakafi ma fasahar ta yi aiki. A watan Agusta na 2021, Amurka ta aiko wa Nijeriya allurar Moderna fiye da miliyan 4. Allurar na ɗauke da saƙon da ke koya wa jiki gane cutar. Saƙon yana saurin lalacewa, shi ya sa aka naɗe shi cikin ɗan ƙunshin kitse mai girman nanomita kusan 100. Sai dai ajiyarta na bukatar sanyin daskarewa, kuma kun san halin wutar lantarki a garuruwanmu.

Tambayoyi

1. Me ya sa layin tsinken gwaji yake fitowa ja?
2. Wane aiki ƙunshin kitse yake yi a allurar Moderna?
3. Ku gina jimla da kowace kalma: lulluɓe, killace, daskarewa.