Gafiya da kurege a cikin garka: mi za mu yi?

Ƴan'uwa masu garka, lokacin rani in ciyawa ta ƙare a daji, gafiya da kurege da kusu sai su faɗa wa dankali, karoti da salati. Kurege da rana yake ɓarna, gafiya kuwa da dare.

To, ga dabaru:

1. Ku toshe ramu da ƙasa da marece. Wanda kuka tarar a buɗe da safe, akwai mai shi ciki. Nan za a ɗana tarko, da gujiya. Kada a sa hannu a rami, maciji na shiga.

2. Ku nisanta tarin kara da harawa daga garka, nan suke ɓuya.

3. In kuna kafa waya mai ƙananan ido, ku binne gindinta kamar santimeta 40, don suna haƙowa ta ƙasa.

4. Bushiya, ku bar ta, ƙwari take ci.

Hattara da guba! Kaji da awaki na cin hatsin da aka gauraya, kare da kyanwa na cin mushen kusu. In dabba ta ci, a garzaya wurin likitan dabbobi, a tafi da kwalin maganin.