Hannun Hukuma a Harkar Lafiya: Ra'ayin Masu Rajin 'Yancin Mutum a Ma'aunin Zamfara

A cikin mazhabobin nazarin siyasa da tattalin arziki akwai wadda Turawa ke kira libatariyanci, wato ra'ayin da ke cewa a sakar wa kowane mutum mara ya tafiyar da rayuwarsa da dukiyarsa yadda ya ga dama, muddin bai cuci wani ba. A wajen masu wannan ra'ayi, aikin hukuma bai wuce tsare rai da dukiya da raba gardama ba. Duk abin da ta ƙara a kan haka, to, sai ta kawo hujja. Babu fagen da suka fi matsa wa lamba kamar na kiwon lafiya, domin a nan ne gwamnatoci suka fi faɗaɗa ikonsu a ƙarni na 20. Za mu ɗauki hujjojinsu mu gwada su a kan abubuwan da suka faru a Jihar Zamfara, mu ga inda suka riƙe ruwa da inda suke yoyo.

Tushen ra'ayin ya daɗe. Tun a 1859 masanin falsafa na Ingila, John Stuart Mill, ya kafa ƙa'idar cewa ba a tilasta wa baligi don amfanin kansa, sai dai don a hana shi cutar da wasu. A 1945 kuma Friedrich Hayek ya kawo hujjar da, a ganina, ta fi kowace ƙarfi. Ya ce sanin da ake bukata don tafiyar da al'umma a warwatse yake cikin kawunan dubban mutane, kowa da ɗan abin da ya sani game da garinsu da sana'arsa, kuma babu ofishin da zai iya tattara shi wuri guda. Milton Friedman ya zo a 1962 ya ƙara da cewa hatta dokar ba likitoci lasisi tana rage yawan masu ba da magani, ta tsadantar da shi. Abin da waɗannan malamai suke hange shi ne irin tsarin da Ingila ta kafa a 1948, inda gwamnati ta karɓi asibitoci, take biyan kuɗin jinya daga haraji. Sukar da ake yi wa irin wannan tsari ita ce, idan magani ya zama kyauta, ba kuɗi ne ke raba shi ba, layi ne. Mai jira ya biya da lokacinsa, wani lokaci da ransa.

To, kafin mai karatu ya ɗauko wannan riga ya sa wa Zamfara, sai ya fara auna ta. A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a jinya daga aljihun majinyaci yake fita. Alƙawarin da shugabannin Afirka suka yi a Abuja a 2001, na ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi don lafiya, Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Manomin da zazzaɓi ya kama a wani ƙauye na Tsafe ko Bunguɗu, wurin mai kemis yake fara zuwa, ko wurin mai maganin gargajiya. In abin ya faskara sai babban asibitin ƙaramar hukuma, in ya ƙi ci sai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. A kusan kowane mataki shi ne mai biya. Ke nan kasuwar da masu rajin 'yanci ke nema ta riga ta ci a nan, ba don an zauna an tsara ta ba. Wanda ya ce hukuma ta mamaye jinya a Zamfara bai san Zamfara ba.

Amma fa nauyin hannun hukuma yana nan, a wani gefen ne kawai yake: gefen hani. A nan ne hujjar Hayek take kama ƙasa. A ƙarshen Agusta da farkon Satumba na 2021, don yaƙar 'yan bindiga, gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da man fetur a jarka, ta taƙaita zirga-zirgar babura, aka kuma katse layukan waya a faɗin jihar. Gusau ta samu layi bayan kimanin wata guda, sauran yankuna suka ƙara makonni. Babu ɗaya daga cikin waɗannan dokoki da aka yi da sunan lafiya, amma kowace ta taɓa lafiya. Babur shi ne motar ɗaukar majinyaci ta ƙauye. Fetur ɗin jarka shi ke tayar da janareto a ƙaramin asibiti, shi ke cikin babur ɗin. Ran kasuwa ne magidanci ke sayar da akuya ya samu kuɗin magani, waya kuwa da ita ake neman mai ba da jini idan haihuwa ta zo da gardama, da ita ɗan'uwa na birni ke turo kuɗi. Sai ga shi kuma a daidai wannan lokaci likitoci masu neman ƙwarewa suna yajin aiki a faɗin ƙasa, daga Agusta zuwa Oktoba. Ba na cewa matsalar tsaron ƙarama ce, ko kusa. Abin lura shi ne, mai sa hannu a doka yana ganin ɗan bindigar da yake son toshe wa hanya, amma matar da naƙuda ta kama cikin dare a bayan Kwatarkwashi ba ta cikin takardar da ke gabansa. Wannan shi ne sanin da Hayek ya ce ba ya isa ofis.

Akwai kuma batun yarda. A 2003 Zamfara na cikin jihohin da suka dakatar da rigakafin shan inna, tare da Kano da Kaduna, saboda zargin da ya yaɗu game da maganin, a lokacin da mutane ba su manta da gwajin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a Kano a 1996 ba. Tambayar da iyaye suka riƙa yi tana da ma'ana: me ya sa ake bin mu gida-gida da ɗigon shan inna kyauta, alhali maganin zazzaɓin da ke kashe mana yara sai mun saya? Barazanar kamu ba ta amsa wannan tambaya ba. Abin da ya karya ƙin amincewar shi ne shigowar sarakuna da malamai da kuma haƙurin masu bi gida-gida, har aka tabbatar a 2020 cewa ƙwayar cutar ta asali ta ƙare a Nijeriya.

Sai dai a wannan misalin ne kuma ra'ayin ya fara yoyo. Wanda ya ƙi yi wa ɗansa rigakafi ba kansa kaɗai ya jefa cikin haɗari ba. Bayan dakatarwar 2003 cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita. Haka sanƙarau nau'in C da ya ɓulla a Zamfara a ƙarshen 2016: kafin ya lafa a 2017 an lissafa mutum fiye da 14,000 da ake zaton sun kamu a ƙasa baki ɗaya, fiye da 1,000 suka rasu, Zamfara ce ta fi jin jiki. Mai kemis ba zai iya gano nau'in ƙwayar cuta ba, ba zai iya yi wa ƙaramar hukuma guda allura cikin mako biyu ba. Kukan da aka yi a lokacin ba na shisshigin hukuma ba ne, na jinkirinta ne. Ƙa'idar Mill kanta ta yarda da tilas a irin wannan wuri.

Misalin da ya fi tsayawa a rai shi ne gubar dalma. A Maris 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Farashin zinariya ya tashi, mutane suka riƙa kawo duwatsun ma'adini cikin gida suna dakawa suna niƙawa. Duwatsun na ɗauke da dalma, ƙurarta ta bi ƙasar tsakar gida, yara masu rarrafe suka sa hannu a baki. Dalma kan lalata ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro, ta kawo jijjiga da suma. Yara fiye da 400 suka rasu. Ga kasuwa mai cikakken 'yanci, babu lasisi, babu sufeto, kowa na neman halaliyarsa, amma wanda ya biya farashi bai shiga cinikin ba, bai ma iya magana ba tukuna. Kenneth Arrow ya nuna tun a 1963 cewa ciniki a harkar lafiya ya bambanta da na gero, domin mai saye bai san abin da yake saye ba, bai kuma san ranar da zai bukace shi ba. Mahaƙin Bagega bai san akwai guba a dutsensa ba.

Duk da haka masu rajin 'yanci suna da abin cewa ko a nan. Ba ma'aikata ce ta gano annobar ba, ƙungiya ce mai zaman kanta. Aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa a Bagega bai samu ba sai a 2013, saboda jinkirin sakin kuɗi daga Abuja, kuma ba a iya fara ba yara maganin fitar da dalma kafin a share gidajen, don za su sake sha. Da Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a jihar a Afrilu 2019, saboda tsaro, haƙa ba ta tsaya ba, ɓuya ta yi, kuma wanda ke aiki a ɓoye ba a iya koya masa niƙa da ruwa don rage ƙura. An ɗage haramcin a Disamba 2024.

Gwajin da ke gaba shi ne dokar inshorar lafiya da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Mayu 2022, wadda ta wajabta inshora a kan kowane ɗan ƙasa. Hikimarta a fili take: in ba a tilasta ba, marasa lafiya kaɗai za su shiga, asusun ya karye. Ma'aikacin sakatariya a Gusau ana iya cire masa daga albashi. Manomin Tsafe kuwa kuɗinsa da kaka yake zuwa, kuma zai tambaya, kafin ya sayar da buhun masara ya biya, ko akwai ma'aikaci da magani a asibitin da aka rubuta masa a kati. Ɗalibin da ke son auna wannan doka, ya je ƙaramin asibiti ɗaya a Bunguɗu ya ƙirga abu uku cikin wata guda: kwana nawa aka buɗe, mutum nawa aka duba, da mutum nawa aka tura kemis da takarda a hannu.