Darasin Sana'a: Gyaran Tsohuwar Na'urar Wasa ta Game Boy

A shekarar 1989 ne kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar da na'urar wasa ta hannu mai suna Game Boy, wadda injiniya Gunpei Yokoi ya jagoranci ƙera ta. An fara sayar da ita a Amurka a kan dala 89.99, kuma ita da ƙanwarta Game Boy Color ta shekarar 1998 an sayar da guda fiye da miliyan 118 kafin a daina ƙera su a shekarar 2003. Tun da aka daina ƙerawa, wadda duk ta lalace aka yar ta tafi ke nan, shi ya sa masu tara kayan tarihi da waɗanda suka yi ƙuruciya da ita suke neman mai aiki. Ga ɗan kasuwar da ke harkar kayan lantarki na gwanjo, kamar na kasuwar Alaba a Legas, ko mai gyaran waya da ke da kayan aiki a hannu, ribar wannan sana'a tana wurin gane ciwon na'urar kafin a biya kuɗinta, domin wani lahani na minti goma ne, wani kuwa ba ya gyaruwa.

Da farko dai a tabbata Game Boy ce ta ainihi. Ƙananan na'urorin nan masu arha na wasan jera bulo, waɗanda suka cika kasuwanni a shekarun 1990, ba su da wurin sa kaset, kuma kuɗin gyaransu ya fi ƙimarsu.

Abin da ya fi kashe Game Boy ta farko shi ne baturi. Tana cin batura 4 masu girman AA, kuma galibi an ajiye ta shekara da shekaru da su a ciki, har suka yi yoyo suka bar farin gari a kan ƙarafan da ke riƙe su. Wannan gari ɗan'uwan kanwa ne, saboda haka abu mai tsami ke kashe shi: a diga binega a auduga a goge, a bi da sipirit, a bar shi ya bushe sarai. Na'urori da yawa da aka ɗauka sun mutu a nan suke farfaɗowa. Amma idan ruwan baturin ya ratsa ciki ya ci layukan tagulla na farantin lantarki, aikin ya yi nauyi, kuma ya kamata farashin saye ya sauka daidai da haka.

Idan ta kama wuta, sunan Nintendo zai gangaro daga saman allo. Wannan suna daga cikin kaset ake karanto shi, don haka in ya fito a dagule, ko baƙin sanda ya fito a madadinsa, yawanci datti ne a bakin kaset ko a ramin da yake shiga. Sipirit da auduga sun wadatar. Hura iskar baki da yara suka saba yi danshi kawai take ƙarawa, tsatsa ta biyo baya, musamman a garuruwan bakin teku.

Allon shi ne inda ake cin riba ko a tafka hasara. Sau da yawa za a ga waɗansu layuka a tsaye sun ɓace daga hoton. Dalili shi ne wata faffaɗar waya mai kaurin takarda da aka manna a ƙarƙashin gilashin da zafi, wadda tsufa ke sa ta saki. Mai gyara zai kwance sukuru 6 na baya, waɗanda a yawancin na'urorin kansu mai tsaga uku ne, sai da sukundireba na musamman. Zai raba ɓangarorin biyu a hankali saboda wayar da ta haɗa su, ya ɗaga robar da ke kan mannin, ya kunna na'urar, sannan ya riƙa goga ƙarfen narka dalma a kan wurin yana kallon allo har layukan su dawo. Ba a barin ƙarfen ya tsaya wuri guda, in ba haka ba wayar ta ƙone. Sau da yawa sai an maimaita bayan ta huce.

Layukan da suka ɓace a kwance kuwa wani labari ne. Wayarsu tana gefen gilashi, ta fi laushi, kuma ko gwanaye ba kasafai suke cin nasara a kanta ba. Haka ma baƙin tabo mai yaɗuwa a cikin gilashi. Irin wannan na'ura a saye ta da kuɗin kayan gyara kawai, a ciri lasifika da maɓallai da murfin baturi, wanda shi ne ya fi ɓacewa.

Akwai sabbin alluna masu haske da ake sakawa a madadin tsohon mai launin kore. Mai son wasa yana murna da su. Sai dai saka waɗansunsu yana bukatar a yanke jikin robar, kuma mai tara kayan tarihi asali yake biya. Hikima ita ce a sa sabon allo a na'urar da allonta ya riga ya mutu, a ƙyale mai lafiya yadda kamfani ya yi ta.

Kaset ma yana da nasa ciniki. Wasannin da ke ajiye inda ɗan wasa ya tsaya, irin su Pokémon da ya fito a 1996, suna da ɗan baturi mai kama da kwabo a ciki, lamba CR1616 ko CR2025, wanda aka liƙa da dalma. Idan ya ƙare, kaset yana aiki amma ba ya riƙe komai. Canza shi aikin 'yan mintoci ne, sai dai da zarar an cire tsohon, duk abin da aka ajiye ya goge. Wajibi ne a shaida wa mai kaya wannan tun kafin a buɗe, domin wani abin da ke ciki ne ya kawo shi, ba kaset ɗin ba.