Sauka a Tsohon Otal a Tsakiyar Alƙahira: Shawarwari ga Iyalin da Za Su Ziyara

Ban da Hajji da Umra, yanzu a Ɗambatta da ƙauyukanta ana samun gidajen da ke haɗa kuɗi bayan kaka su nufi Masar. Wani likita zai gani, wani ɗansa zai dubo a Azhar, sai a haɗa da ziyara tunda an riga an biya kuɗin jirgi. Daga filin jirgi na Malam Aminu Kano ana tashi kai tsaye zuwa Alƙahira. Bayan tikiti, masauki ne ke cinye mafi yawan guzuri. A ganina, iyalin da ke tafe da tsofaffi kuma kuɗinsu a ƙirge yake, tsohon otal na tsakiyar gari ya fi musu sabon da ke bayan gari, muddin an bincika abubuwan da hoton waya ba ya nunawa.

1. A fara sanin wace tsakiyar ake nufi. Alƙahira tsakiya biyu gare ta. Akwai Wusɗul Balad, unguwar dandalin Tahrir da titin Ɗal'at Harb, wadda aka shata a zamanin Khidiwi Isma'il cikin shekarun 1860 da 1870 bisa fasalin birnin Paris. Nan ne gidan tarihin Masar da aka buɗe a 1902 yake, ga bankuna, ga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Akwai kuma tsohon birni, wajen masallacin Azhar da aka fara ginawa a 970, da masallacin Sayyidina Husaini, da kasuwar Khanul Khalili. Tsakaninsu kusan kilomita 3 ne, amma a cunkoson yamma tafiyar tana iya cin abin da ba a zata ba. Wanda ya zo don salla a Azhar da sayen littattafai, ya nemi wajen Husaini. Wanda ke da zirga-zirgar asibiti da canjin kuɗi, Wusɗul Balad ta fi masa. Mutanen yankinmu ma ba yau suka fara neman masauki kusa da malamai a garin nan ba: tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka kafa makarantar Ibn Rashiƙ, inda matafiyansu ke sauka, daga baya kuma ɗaliban Barno suka sami ɓangarensu a cikin Azhar.

2. Kada a biya kafin ido ya gani. Ɗalibanmu suna da yawa a Madinatu Nasr da masaukin ɗaliban ƙasashen waje na Azhar. A nemi ɗan gida ko ɗan maƙwabta a cikinsu, a ba shi kuɗin mota, ya je ya shiga ainihin ɗakin da za a ba ku. Ya buɗe famfo, ya ja ruwan banɗaki, ya zauna a kan katifa, ya ɗauko bidiyo. Ya je da dare in zai iya.

3. A tambayi hawa na nawa ne, kuma lif yana aiki? Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita aka fi mantawa. Yawancin ƙananan otal-otal na Wusɗul Balad ba gini guda ba ne nasu na kansu. Hawa ɗaya ko biyu suka kama a cikin tsohon bene, sauran hawan kuwa ofisoshi ne da gidajen mutane. Sai ka ga otal a hawa na biyar ko na shida, lif ɗinsa na katako da ƙofar ƙarfe wanda ba ya ɗaukar fiye da mutum uku, in an bar ƙofarsa a buɗe a sama kuma ba zai sauko ba. Hajiyar da ta yi rayuwarta daga ɗaki zuwa tsakar gida zuwa madafi, ba ta taɓa hawa matakala ɗari a rana ba, ga ciwon gwiwa. Ranar da lif ya tsaya, ziyararta ta tsaya. Idan da tsoho ko mai juna biyu a cikin tafiyar, kada a wuce hawa na biyu, ko da ɗakin sama ya fi kyau ya fi araha. A kuma lura cewa tsofaffin gine-ginen nan rufinsu dogo ne, hawa biyu nasu ya kai uku na benayen Kano. Mai gadin ƙofar ginin, wanda suke kira bawwab, a gaishe shi kullum a riƙa yi masa ɗan ihsani, don shi ke taya ɗaukar kaya, shi ke buɗe ƙofa in an dawo da dare.

4. Ɗakin bakin titi yana da baranda da haske, amma garin ba ya barci da wuri: shaguna a buɗe har dare ya yi nisa, direbobi ba sa ɗaga hannu daga oda. Ɗakin baya shiru ne, sai dai duhu da ƙarancin iska. A ba tsofaffi da yara na baya, matasa su ɗauki na gaba.

5. A yi shirin sanyi. Lokacin da manomi ke da kuɗi a hannu, bayan an sayar da riɗi da gyaɗa ko an kai sa kasuwa, ya yi daidai da hunturun Masar, daga Disamba zuwa Fabrairu. Lokacin ne kuma baƙi daga Turai ke cika garin, farashin ɗaki ya hau. Tsofaffin gine-gine an yi su ne don su riƙe sanyi, yawancinsu babu abin ɗumama ɗaki. A tafi da rigunan sanyi da safa, a nemi ƙarin bargo tun ranar farko. A tambayi yadda ake samun ruwan zafi. Idan tukunyar gas ce a cikin banɗakin, kada a kulle taga yayin wanka, kada kuma a bar yaro ko tsoho ya daɗe a ciki ba a ƙwanƙwasa ba. Iskar da take fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa. Wannan ba abin jin kunyar tambaya ba ne.

6. Da an ajiye kaya, maigida ya ɗauki manyan yara su sauka ta matakala har ƙasa, su tabbatar babu ƙofar da aka sa wa kwaɗo a hanya. Wayoyin wutar tsohon gini ba sa ɗaukar nauyi, don haka kada a haɗa hita da dutsen guga a soket ɗaya. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne, namu mai uku. A sayi mahaɗi a Kano kafin a tashi.

7. A yi maganar kuɗi a fili tun kafin a karɓi makulli. Farashin na ɗaki ne ko na kowane mutum? Da haraji da kuɗin hidima a ciki, ko sai ranar tafiya za a ɗora? Da karin kumallo? Banɗaki a cikin ɗaki yake ko na haɗaka ne a lungu? Ga gidan da mata ke kiyaye sutura, wannan ta ƙarshen ba ƙaramar magana ba ce, kuma banɗakin haɗaka shi ke sa wasu ɗakunan yin araha mai ban mamaki. A biya kwana biyu tukuna, in wuri ya yi a ƙara, a kuma karɓi rasiɗi duk lokacin da aka biya. Yawanci da tsakar rana ake fita daga ɗaki. Idan jirgin dawowa na dare ne, a roƙi a ajiye muku kaya.

8. Takardu da magunguna. Otal zai nemi fasfo ya rubuta, a karɓe shi da an gama, a riƙa yawo da kwafinsa. Katin rigakafin cutar shawara ya kasance tare da fasfo. Wasu masaukan sukan nemi shaidar aure kafin su haɗa mace da namiji a ɗaki, mu kuwa yawancin aurenmu a zaure ko a masallaci aka ɗaura shi babu takarda, sunan uwargida a fasfo kuma na mahaifinta ne. A nemi takardar tun daga gida. Maganin hawan jini ko na suga ya tafi a kwalinsa tare da rubutun likita. Tramadol kuwa kada ko ƙwaya ɗaya ta shiga jaka, ko da wani ne ya ba da saƙo, domin a Masar ɗauri ake yi a kansa.

9. Alƙibla a Alƙahira kudu maso gabas take, ba gabas ɗin da muka saba fuskanta ba. A tambayi mai otal, ko a duba yadda masallacin kusa ya fuskanta. A sa ƙaramar buta a cikin kaya.

10. A ci moriyar zama a tsakiya, don ita aka saya da haƙurin tsohon gini. A fita da sassafe, a dawo bayan azahar tsofaffi su miƙe ƙafa, a sake fita da la'asar. Wanda ya sauka a bayan gari ba ya samun wannan hutun, yini guda yake yi a waje. Rana ɗaya ta ishi Azhar da Husaini da titin Mu'izz. Wata ranar a haɗa masallacin Ibn Ɗulun, wanda aka gama a 879, da na Sayyida Nafisa da ƙabarin Imamu Shafi'i, wanda ya rasu a 820. Masallacin Amru ɗan Asi yana Fusɗaɗ, jirgin ƙarƙashin ƙasa yana kaiwa kusa da shi, kuma akwai taragon mata zalla a tsakiyar jirgin. Dalar Giza tana da nisa, a ba ta safiyar Juma'a lokacin da tituna suke sarari, a dawo kafin huɗuba. Abinci kuwa ba sai na otal ba. A kusan kowane titi akwai mai ful, wato dafaffen wake, da gurasa, ga koshari, wanda ɗan Kano zai gani ya tuna garau-garau, sai dai shi da taliya da miyar tumatir. A tafi da yajin gida, a sha ruwan roba. Masu son sauka wajen Husaini su duba wata kafin su yanki tikiti: a Ramadan da ƙarshen Rabi'us Sani, lokacin maulidin Sayyidina Husaini, unguwar takan cika maƙil, ɗaki ya yi wuyar samu, mota ma ba ta iya kai kaya bakin ƙofa.